Falmaran mai batir na yan wasan kankara, yadda ya yi min a sanyin Ngaundere

Salamu alaikum yan uwa. Tun da hunturun bana ya kankama kusan kullum sai wani ya tare ni a bakin tasha ko kofar masallaci yace wai meye wannan jan abun da ke haske a kirjina, in nace riga ce mai batir sai a kwashe da dariya, wasu ma sai sun dafa bayana sun ji dumin da hannunsu kafin su yarda. To gara in zauna in fadi abinda na gani a kanta gaba daya, mai saye ya saya da saninsa, wanda bata dace da shi ba kuma kudinsa su huta a aljihu.

Ni klando nake yi, wato acaba, a nan Ngaundere ta Kamaru, kuma yawancin aikina na asuba ne. Masu sammakon motar Garwa, dalibai masu tafiya jami'a a Dang, sai jiran jirgin kasa da ke kwana a hanya daga Yawunde. Duk wanda ya san garin nan ya san sanyinmu ba irin na Garwa ko Marwa bane, mu a bisa tudu muke wajen mita 1,100, a Disamba da Janairu da asuba yakan sauko kusa da digiri 10. Bature ya ji 10 dariya zai yi, amma ya zo ya hau moto ya dau hanyar Dang, kilomita 15 ce kacal, yana gudun 60, iskar da ke dukan kirjinsa jiki zai ji ta kamar digiri 5, ga shi a zaune yake ba motsi balle jini ya gudana. Irin wannan sanyin nake nufi, wanda ke shiga ta zif ya zauna maka a kashin baya har hantsi kana jinsa.

Rigar dai falmaran ce mara hannu, baka, bata da nauyi, in ka ganta a rataye ba zaka ce tana da wani sirri ba. Kirar China ce, ko suna na kirki babu a jikinta, wajen wani Alhaji mai kawo kayan waya na saya jaka 13 na sefa bayan mun sha ciniki. A cikin shafinta an dinke wasu faifai masu laushi na zaren kabon, in ka shafa a hankali zaka ji su, babba daya a gadon baya, kanana biyu a gaba wajen ciki, sai wani siriri a bayan wuya. Aljihun ciki na hagu akwai wayar USB, nan ake jona fawabank irin wanda muke cajin waya da shi. A kirji akwai madanni, ka danne shi kamar dakika uku sai ya kawo ja, zafi sosai kenan, ka sake dannawa fari matsakaici, ka sake shudi shine na kasa. Iyakarta kenan, babu wani abu mai wuyar ganewa.

Asalin irin wadannan kayan ba don mu aka yi su ba, na masu zamiya a kan dusar kankara ne, wasan da ake kira siki. Dan kawuna da ke karatu a Grenoble can Faransa, garin da duwatsun Alp suka kewaye, shi ya min bayanin da ya sa na gane rigar. Yace yaya, lokacin da mutum ke gangarowa daga dutse ba sanyi yake ji ba, gumi ma yake, sanyin yana kama shi ne in ya zauna a kujerar nan mai rataye a waya da ke haurawa da su sama, mintuna yana zaune a sararin Allah iska na dukansa ga gumi a jiki. Shi yasa suke kunna rigar a kan kujera, su kashe in zasu gangaro. Da ya fadi haka nace to ai mu ne. Dan moto tun daga fitowarsa har ya koma gida a kan wannan kujerar yake. Kuma duk abinda zan fada nan gaba a kan wannan ya tsaya, riga ce ta mai zama wuri daya cikin iska, ba ta mai aikin karfi ba. Mai faskare ko mai turin kura in ya sa ta asara ya yi, jikinsa ma ya ishe shi murhu.

Af, kar wani yace mu ina ruwanmu da siki, dan Kamaru ya taba zuwa gasar Olamfik ta lokacin sanyi, Isaac Menyoli, a Salt Lake City ta Amurka a 2002, kuma sikin ya yi. A gasar 2018 ta Koriya ta Kudu kuma yan wasan Amurka da jaket masu batir na kamfanin Ralph Lauren suka fito bikin budewa. Dabarar ma tsohuwa ce, tun yakin duniya na biyu sojojin saman Amurka ke sa kaya masu wayar lantarki a ciki suna jonawa da jirgi. Abinda ya canza kawai batir ne ya kankance har ya shiga aljihu.

Maganar dumi, gaskiya tana yi, ban da abin cewa. In na kunna ja kafin in gama fito da moto daga zaure bayana ya fara dauka. Ba zafi bane mai kuna, kamar dai ka jingina da katangar da ta wuni tana shan rana bayan magariba, haka yake ratsa ka a hankali. Na bayan wuyan nan shi na fi so wallahi, don nan ne iska ke samun kofa tsakanin hular kwano da jaket. Na gaba kuwa basu kai na baya ba ko kusa, iska tana cinye su.

Amma akwai sharadi, kuma nan mutane da yawa ke cewa an cuce su. Dole ta kwanta a jikinka, daga ita sai singileti ko wata riga mara kauri, sannan ka dora jaket mai tare iska a sama ka ja zif har wuya. Kanina ya ara ranar wata Lahadi ya dora ta a kan katuwar suwaitarsa don abokansa su ga wutar tana haske, ya dawo yana cewa yaya wannan abun karya ne ko dumi bai ji ba. To ina zaka ji, suwaita ta tare zafin daga ciki, iska ta kwashe shi daga waje, titi kawai ka dumama. Su masu sikin ma haka suke sa ta, a tsakiya, karkashin babbar jaket. Saboda haka in zaka saya kar ka dauki mai fadi irin yadda muka saba da kaya, dauki wadda ta dan kama ka. Sai dai ka lura awon China karami ne, ni da ba wani jiki gare ni ba XL ce ta zo min daidai, ka gwada a shagon kafin ka biya.

Hannu da gwiwa kuwa babu ruwanta da su. Yatsu suna nan suna kagewa a kan birki, sai dai na lura basa kai yadda suke yi da, ina jin don in kirji da baya suna da dumi jiki baya janye jini daga yatsu sosai. Masu siki suna da safar hannu da safar kafa masu batir, irin na kamfanonin Therm-ic da Lenz, amma kudinsu ba na dan klando bane. Ni safar hannu ta gwanjo da man kadanya nake hadawa.

Yanzu batir, wanda shine ainihin maganar, don rigar ita kadai ake sayarwa ba batir a kwalin, kuma Alhajin bai fada ba sai da na bude. A ganina wanda ya sayi rigar nan rabin kaya ya saya, sauran rabin fawabank ne, in shi bai da kyau an gama. Bari in yi muku lissafin yadda mai gyaran waya na layinmu ya zana min a bayan kwali. Rigar tana shan volt 5, amfiya 2 in tana ja, wat 10 kenan. Fawabank mai 10,000 mAh, wannan lambar a kan volt 3.7 na batirin ciki aka auna ta, wato wutar da ke ciki 37 Wh ce, ma'ana wat 37 na tsawon awa daya, kafin a daga ta zuwa volt 5 wani abu ya zube a hanya, abinda zai iso rigar bai wuce 30 da yan kai ba. Raba 30 da 10, awa uku. Kuma haka na gani, a ja wajen awa uku yake kai ni, a shudi kuwa yana ninka haka har da kari. Ni yadda nake yi, ja in fito, da jiki ya dauka in maida fari, in ina tsaye a gar, wato tashar jirgin kasa, ina jiran jirgi in sa shudi. Da haka caji daya yake fitar da ni tun kiran assalatu har rana ta fito ya bar min saura na waya.

Wanda aka rubuta masa awa goma a kwali ba lallai karya suka yi ba, a shudi suka auna da batir mai kyau, sun dai ki fada ne.

Fawabank na bogi kuwa sun cika kasuwa, kowa ya sani. Zaka ga an rubuta 50,000 mAh a jikin abun da bai fi waya nauyi ba, kuma kudinsa bai kai na kirki mai 10,000 ba. Na gaske mai 10,000 nauyinsa wajen giram 200 ne ko sama kadan, to mai 50,000 ai sai ya yi kusan kilo. Wasu kuma nauyin akwai amma in aka bude yashi ne a cikin wasu batiran. A waya irin wadannan suna iya boye halinsu, ka ga ta dan hau kashi ashirin kace to, amma rigar nan bata rufa musu asiri, minti kadan wutar kirji zata mutu. Ka duba a jikinsa an rubuta yana fitar da 5V 2A ko sama, mai 1A ba zai iya ba. Akwai kuma wani hali da wasu ke da shi ko da na kirki ne, in suka ji ba a jan wuta sosai sai su kashe kansu, to rigar in tana shudi daukewa take tana dawowa, shi kuma sai ya dauka an cire waya ya kwanta. Kana tafiya sai ka ji baya ya huce. Maganinsa ka je da rigar shagon, a jona, ka sa shudi ka tsaya hira minti goma ka gani.

Sai matsalar kuran, wato wutar lantarki. Cika fawabank din da cajar waya ta yau da kullum yana cin awa biyar zuwa shida, ranar da aka dauke wuta da dare kuwa gobe da tsohuwar suwaita zaka fita. Ni na samu sauki don makwabcinmu yana da sola, da rana nake kai masa. Ga kuma rigima a gida, uwargida wayarta ta mutu ta zare shi daga aljihun rigar ta jona, kai kuma sai da asuba ka tarar da digo daya. Yanzu dai na saya mata nata an zauna lafiya.

Wani abokin aikinmu ya tsinci irinta a dilar gwanjo, ta masu sikin ce ta asali har da guntuwar takardar shiga filin wasa makale a zif, dinkinta da yadinta sun fi tawa nesa ba kusa ba. Yana ta murna ya samu banza, ashe bakin wayarta ba USB bane, zagaye ne, batir mai volt 7.4 take so nata na musamman da cajarsa, kuma ba a sako su a dila ba. Irin wadannan sun fi zafi don wutarsu ta fi karfi, amma in ba batirin to falmaran ce kawai mai kyau. Masu shiga gwanjo ku leka aljihu ku duba bakin wayar kafin ku kara ko dala a kan kudin riga.

A nan ne kuma zan ja kunnen yan uwana masu moto, don na ji wasu na cewa me zai hana a yanke wayar a jona da batirin moto kai tsaye a huta da caji. Kul. Batirin moto volt 12 ne, rigar volt 5 aka yi ta, kuma zafin ba ninki biyu zai karu ba, kusan ninki shida ne, ko dai madannin ya kone ko yadin ya narke a bayanka kana bisa titi. Akwai kayan da aka kera don volt 12 na masu manyan babura, irin na kamfanin Gerbing na Amurka, wadancan daban ne. In dai lallai daga moto kake so, ka sa a daura maka cajar USB ta moto mai fitar da volt 5 da fis dinta, ka jona da doguwar waya, yana yi. Illarsa ka zama daurarre, ka manta ka diro daga moto sai waya ta fizge.

Abubuwan da suka bani haushi da ita kuwa, na farko aljihun batirin ya yi fadi, fawabank na ta tsalle a ciki, ka fada rami daya a hanyar Baladji waya ta zare. Sai da na daure bakin da kyauron roba sannan na samu lafiya. Zif din ma na banza ne, ya fara cijewa tun ba a je ko ina ba, na kai wa tela ya canza amma na tsaya a kansa kar allura ta bi ta kan waya. Kurar hunturu tana cika bakin USB, lokaci lokaci sai na busa na goge da busasshen burushi. Sai wutar madannin, haskenta ya yi yawa. A sahun asuba ina tsaye jan abu na haskawa ta cikin jaket, wani dattijo da ke gefena bayan an sallame yace dana, wannan fitilar taka ta hana ni natsuwa. Nace Baba a yi hakuri, tun ranar na manna mata bakin salatif. Kuma da karfe tara ta yi rana ta bude, rigar ta zama kaya, ko a kashe take yadin baya shan iska, gumi zaka yi ta yi, dole ka cire ka cusa a jaka.

Wanki kuma kar ka kuskura ka hada ta da kayan da ake kai wa mai wanki da guga, zai murde ta ya buga a dutse ya bi ta da dutsen guga na gawayi, shikenan wayoyin sun tafi. Ka cire batir, ka rufe bakin USB da murfinsa, ka jika ta a ruwan sabulu mara zafi ka dan cuda da hannu, kar ka matse, ka shanya a inuwa sai ta bushe kayau kafin ka jona.

Wanda na ga ta fi yi wa amfani ma ba ni bane, Baba mai gadin shagunan bakin layinmu ne. Shekara da shekaru da kaskon gawayi yake kwana, in sanyi ya yi tsanani sai ya ja shi cikin dan dakinsa ya rufe kofa, kuma wannan shine abinda ke kashe mutane a hunturu ba a sani ba, gawayi a rufaffen daki yana fitar da iskar da bata da wari bata da launi, mutum ya yi barci ya zarce, ban da gobara. Na ara masa rigar wani dare da ban fita ba, da safe na zo karba ya rike ta yana cewa yaro nawa ka ce kudinta, a shudi ya barta karkashin bargonsa har asuba. Masu shagunan sun hada masa kudi an sayo masa tasa. Na dai gaya masa ta zama ce ba ta barci ba, don zafi ko kadan ne in ya dade a wuri daya a fata yana iya kona ta, musamman ga mai ciwon suga da fatarsa bata ji sosai. Jariri ko wanda baya iya cewa ya ji zafi kar a sa masa, mai na'urar bugun zuciya a kirji kuma sai ya tambayi likitansa tukuna. Fawabank din da ya kumbura ko yake zafi da kansa a jefar, ba abin sawa a jikin kirji bane.

To wa zan ce ya saya. Dan moto mai fitar asuba a Ngaundere ko Meiganga ko can saman Mokolo da Rumsiki, mai gadi, yaran mota masu kwana a bisa kaya a hanyar Kusuri da Njamena, direbobin da ke haurawa arewacin Chadi wajen Tibesti inda dare ke kaiwa kasa da sifiri, wadannan kudinsu ba zai tafi a banza ba. Amma kai da ke Garwa kana fita karfe takwas zuwa shago, sanyinka na sati nawa ne, jaket din gwanjo ta jaka biyu ta ishe ka. In ka hada rigar da fawabank na kirki lokacin da na saya sama da jaka 20 ake magana, don abun da zaka sa wata biyu zuwa uku a shekara. A wajena ta ci bakwai cikin goma, zif da aljihu da rashin batir a kwali suka cinye ukun.

Masu sa dan uwa ya taho musu da ita daga waje, ku gaya masa batirin a jakar hannu ake shiga da shi jirgin sama, ba a yarda a sa shi cikin akwatin da ake aunawa ba, kuma kar ya wuce 100 Wh, mai 10,000 ko 20,000 mAh duk suna wucewa lafiya. Sannan in zafi ya shigo a Maris rigar a ninke ta a hankali ba tare da an karya faifan ba a sa a leda saboda kura. Batirin lithium can kasar kankara sanyi ne ke rage masa karfi, mu nan zafi ne ke kashe shi, wanda ke Marwa ko Njamena inda Afrilu ke haura digiri 40 kar ya bar shi a cikin mota ko karkashin kwano. Ko dai ka ci gaba da cajin waya da shi, ko ka bar shi da rabin caji a wuri mai sanyi kana dan leka shi bayan wata biyu ko uku.